Ɗan Taura Ya Ce A Goge Shafin Babana

Sallama gare ku, masu bibiyata. Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ke cina ya wuce "ina gajiya". Ni Munira 'yar Malam Idirisu na Kiyawa na ga ta kaina: saurayin da magabatansa za su zo neman aurena ƙarshen watan nan, shi ne ya miƙe a bainar jama'a ya ce a goge shafin babana.

Ku dakata, kar ku fara tsine masa. Ni ma na yi, daga baya na dawo ina neman gafara.

Ga wanda bai san harkarmu ba, akwai wani kundin ilimi a intanet da ake rubutawa da Hausa, kowa na iya shiga ya ƙara ko ya gyara, kuma ba a biyan kowa. Mu 'yan Jigawa muna da ƙungiyarmu. Duk Asabar muna haɗuwa a wani ɗakin taro da aka ara mana a Dutse, fanka ɗaya ke juyawa, wurin caji kuwa sai an yi layi. Shugabarmu Anti Mashkura ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Da yatsa ɗaya take buga rubutu, tabarau a kan karan hanci, amma duk matar da ta taɓa neman bayanin jijjigar masu ciki da Hausa a wayarta, gumin Anti ta karanta. Akwai Haisam mai kyamara, wanda zai hau dutse da tsakar rana don kawai a samu hoto mai kyau a shafin garinmu. Akwai wani tela a Garki da ban taɓa gani ido da ido ba, tsakanin ɗinki da ɗinki yake bin rubutunmu yana gyarawa. Wallahi ina ƙaunar mutanen nan. A ƙasar da kowa ke tambayar "me zan samu?" su data suke saya da kuɗin cefanensu don wani yaro da ba su sani ba ya karanta ya ƙaru.

Sai kuma shi. Abdurrahim, malamin lissafi a wata sakandare, wanda a kundin yake amfani da sunan Ɗan Taura. Yana cikin masu kula da shafuka, waɗanda aka amince musu su goge abin da jama'a suka yanke a goge.

Haɗuwarmu ma da faɗa ta fara. Ranar da na yi gyarana na farko, shafin fura da nono na shiga, na rubuta da ƙarfin zuciyata cewa furar Kiyawa ta fi ta ko'ina daɗi a duniya. Ko ruwa ban kai ga sha ba na ga an manna wa jimlata wani ɗan rubutu: ana buƙatar hujja. Na duba wanda ya yi, Ɗan Taura. Jinin Fulanin ya motsa. Na je shafin tattaunawa na rubuta masa: "Ka zo ka sha, ita ce hujjar."

Ya amsa: "Na gode da tayi. Amma harshena ba madogara ba ne, sai a ce son kai."

Asabar ɗin da ta biyo baya na gan shi, dogo siriri, shadda ruwan toka ta sha guga, agogon roba a hannu, yana koya wa wani dattijo yadda ake saka manazarta cikin haƙurin da ban taɓa gani ba. Dattijon ya ɓata ya sake ɓatawa, shi kuwa sai ya ce, "Ba komai Baba, mu sake." Na ce a raina, Munira, kama kanki. Ban kamu ba.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa.

Babana Allah ya ji ƙansa, shi ya buɗe makarantar 'ya'yan makiyaya a wata ruga bayan Kiyawa. Shekara da shekaru a gindin tsamiya yake koyarwa, allonsa jingine da kututture, shanu na wucewa ta bayan aji. Da ya rasu, ba abin da Inna ta riƙe nasa kamar ƙwaryar furarsa, wata baƙa mai zane a baki, da ludayinta. Tana can saman kabet ɗin kwanuka, an kife ta a kan faifai. Inna kan sauko da ita ta goge ta mayar, amma tun ranar da aka fita da shi ba wanda ya sake kai ta baki. Ko Baffa Yahuza, ƙanin Baba kuma waliyyina, a kofin silba ake ba shi.

Da hannuna ya faɗa da aikin kundi sai na ce, duk waɗannan mutanen da nake rubutawa, wa ya fi babana? Na zauna na zuba masa shafi guda, tun daga haihuwarsa har rasuwarsa. Abin da na ji a bakin Inna na sa, abin da na tuna na sa. Baffa Yahuza ya ce in rubuta cewa ya yaye ɗalibai sama da dubu, na rubuta. Ban nuna wa Abdurrahim ba, na ce in ba shi mamaki.

Ranar da na nuna wa Inna, tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta goge hannu a zani ta karɓi wayar da hannu biyu. Kun san iyayenmu, Inna ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, yana raye ko bayan ransa. Da ta ga sunan ɓaro-ɓaro a sama da manyan baƙaƙe, sai ta ɗora babban yatsanta ta rufe shi, ta bar hoton kawai tana kallo.

"Auta, yanzu har mutanen Makka za su iya ganinsa?"

"Har na bangon duniya, Inna."

Ta ja gefen mayafi ta share ido ta ce wai ƙaiƙayin shinkafa ne. Kafin mako ya zagayo duk matan unguwarmu sun ga shafin, har mai kawo mana nono. Baffa Yahuza kuwa ya kai aka buga masa a takarda, ya sa a leda yana yawo da ita a aljihun babbar riga.

Ranar wata Talata da hantsi ina soya wainar fulawa, wayata ta yi ƙara. Na buɗe shafin, sai ga wani jan akwati zaune a kan hoton Baba: an gabatar da wannan muƙala don a goge ta. Dalili, babu madogara ko ɗaya, kuma mai rubutun 'yarsa ce. A ƙasa an sa hannu, Ɗan Taura.

Wainar ta ƙone ƙurmus. Na bar ta na shige ɗaki na tura wa Abdurrahim saƙo.

"Abdurrahim, ka san shafin wa ka taɓa?"

"Na sani, Munira. Da na san kina rubutawa da na tsayar da ke tun kafin ki wallafa."

"Babana ne fa."

"Shi ya sa na yi da hannuna. Makon jiya na gabatar da shafin wani ɗan kasuwa da ɗansa ya rubuta, kan wannan dalilin. Kowa ya san tsakanina da ke. In na tsallake naki, gobe da wane baki zan yi wa wani magana?"

"Wato babana da ɗan kasuwa ɗaya ne?"

"A wurin Allah ban sani ba, ina zaton Baba yana gaba. A wurin ƙa'ida ɗaya ne."

Na rubuta masa abin da ba zan maimaita muku ba, na goge. Na sake rubutawa na goge. Ƙarshe na tura masa "Na gode" kawai, irin na goden da ta fi zagi ciwo, na kife wayar.

A tsarinmu, in aka gabatar da shafi, akan bar shi na ɗan lokaci kowa ya faɗi ra'ayinsa kafin a yanke. Muhawara ta kaure. Haisam ya rubuta: "A bar shi. Wace jarida ce take zuwa ruga? In sai wanda aka buga a takarda za mu rubuta, to makiyaya ba su da tarihi ke nan." Na karanta na ce Allah ya yi maka albarka, Haisam. Telan Garki ya ce: "A goge. Na tausaya, amma in muka buɗe wannan ƙofa, kowane mai kuɗi zai sa a rubuta wa kakansa cewa waliyyi ne." Na so in ji haushinsa, haushin ya ƙi zuwa, don na san ya faɗi gaskiya. Abin da ya ba ni mamaki, duk zafin musun ba wanda ya zagi wani. Haisam da telan suka yi ta sa-in-sa tun safe, da yamma na gan su tare a wani shafin suna gyara tarihin kasuwar Shuwarin kamar ba su ba.

Asabar na je taro da shirin yaƙi. Na sa atamfata kore mai ganye, na kafa ɗauri, na zizara kwalli, don in zan yi fushi gara in yi shi da kyau. Kujerarsa ba kowa.

Anti Mashkura ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Wa kike nema?"

"Ba kowa, Anti."

"To ba kowan yana can yana shaƙar ƙurar tsoffin jaridu. Zo nan, 'yar nan."

Ta ja ni gefen taga ta faɗa mini abin da ya kashe mini jiki. Ashe tun ranar da ya manna jan akwatin, kullum aka tashi daga makaranta sai ya hau babur ya tafi neman inda aka taɓa rubuta sunan Baba. Ya je ɗakin karatu, ya je gidan wani tsohon jami'in ilimi a Kiyawa, har Kano ya shiga. Kuma ya rubuta a fili cewa ba shi zai yanke hukunci ba tunda yana da alaƙa da mai shafin, ya bar wa Anti.

"Ya samu?" Muryata ta fito 'yar ƙarama.

"Ya samu ɗan guntun labari a wata tsohuwar jarida. Ba zai riƙe shafi guda ba, kar in yaudare ki. Amma zai isa a sa sunan mahaifinki a muƙalar ilimin makiyaya ta jiha, da hujjar da ba mai iya cire ta. Ni abin da zan yanke ke nan in jama'a sun yarda, a haɗe shafin naki da waccan muƙalar." Ta kama hannuna. "Munira, na yi aure, na aurar. Namijin da zai faranta miki yau ya kunyata ki gobe, su ne cike da gari. Wannan ya zaɓi fushinki a kan ya yi ha'inci, sannan ya tafi yana miki wahala a ɓoye. Ki yi fushinki, hakkinki ne, amma ki san da wa kike yi."

A adaidaita sahu na yi kukana har gida, mai tuƙin yana ta satar kallona ta madubi.

Ni dai zuciyata ta sauko. Matsalar Inna ce. Maƙwabciyarmu ta riga ta nuna mata jan akwatin, ta karanta mata har sunan wanda ya sa. Tun ranar Inna ba ta da zance sai na Ɗan Taura.

"Wannan Ɗan Taura ko ɗan gidan uban wane ne? Me Malam ya tsare masa? Mutum yana kabarinsa ma ba za a bar shi ba?"

Ni kuwa na yi wa bakina linzami. Inna ta san Abdurrahim mutumin Taura ne, amma Taura gari ne guda, ko a mafarki ba ta kawo shi ba. Shi da take kira "ɗan nan mai kunya", wanda ko tsakar gidanmu ya shigo a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi.

Lahadi bayan la'asar saƙonsa ya shigo: "Ina ƙofar gida. Na zo gaida Inna."

"Don Allah kar ka ce komai," na rubuta da sauri. "Bari a ɗaura tukuna. Na roƙe ka."

Ya karanta, sai kawai na ji sallamarsa.

Na shimfiɗa masa darduma a rumfa. Farar shadda ce a jikinsa da hula zanna, ya rame, wuyansa ya yi duhu saboda rana. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, ita kuma tana daga bakin ƙofar ɗakinta, ta juya gefe ta ja mayafi, irin zaman surukai. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Na fara sakin numfashi. Sai Inna ta gyara murya.

"Ɗan nan, dama ina nemanka. Auta ta ce kai babba ne a wannan abin naku na waya."

"Ba babba ba ne, Inna, ana dai taɓawa."

"To akwai wani mara mutunci wai shi Ɗan Taura. Tunda garinku ɗaya, ka nemo min shi. Ba zaginsa zan yi ba. So nake ya dube ni ya faɗa min abin da Malam ya yi masa."

Ina bayan Inna ina girgiza masa kai, ina zare ido, har da haɗa hannuwa biyu. Ya dube ni sau ɗaya, kallon ban haƙuri, ya sunkuyar da kai.

"Inna, ni ne."

Inna ta ɗago kai.

"Kai ne wa?"

"Ni ne Ɗan Taura. Ni na sa jan akwatin." Ya ci gaba kansa a ƙasa. "Baba bai yi min komai ba sai alheri, tunda ya haifi Munira. Amma a wurin nan mun yi alkawari ba ma rubuta abin da ba mu da shaidarsa a rubuce, ko a kan wa. Na hana 'ya'yan wasu, ba zan iya ƙyale nawa ba. Kuma ban so in shigo gidan nan da wannan a ɓoye ba. In kin ce kar magabatana su zo, ba za su zo ba, kuma ba zan ga laifinki ba."

Na ce shi ke nan, Munira, aure ya sha ruwa. Hawaye suka cika min ido, amma ko a lokacin, Allah ya sani, wani irin girmansa ne ya cika min ƙirji.

Inna ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"To me ka samu a rubucen?"

Ya zaro wayarsa ya karanta hoton jaridar a hankali: cewa jami'an ilimi sun kai ziyara wata makarantar makiyaya a yankin Kiyawa, sun tarar da malami guda, Malam Idirisu, yana koyar da yara ashirin da uku a gindin bishiya.

"Ashirin da uku," in ji Inna.

"Haka aka rubuta, Inna. Na san ya yi kaɗan a kan abin da..."

"Ashirin da uku ne." Ta katse shi. Sai na ga kafaɗunta suna motsi, na ɗauka kuka take, ashe wata 'yar dariya ce mai haɗe da hawaye. "Na tuna ranar. An ce masu dubawa za su zo, in sun tarar da yara da yawa za a gina aji. Ardo da kansa ya zo, da shi da Baffanku Yahuza, suka ce a aro yara daga rugagen maƙwabta a cika gindin tsamiyar, wuni ɗaya kawai. Malam ya ce shi ba zai koya wa yara karatu da safe ya koya musu ƙarya da rana ba. Aka zo aka ƙirga abin da aka gani, aka tafi da ginin wani wuri. Damina nawa ya yi ruwa na dukansa da allonsa!" Ta share fuska. "Na yi fushi da shi har na daina dama masa fura. Da ya gaji sai ya zo ya tsuguna nan gabana, kamar yadda ka yi ɗin nan, ya ce in yi haƙuri, amma ko gobe aka dawo abin da zai yi ke nan."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na cika shafi guda da yabon babana, har da ɗalibai dubu na aro, amma abin da ya fi komai girma a rayuwarsa ban san shi ba.

Inna ta dafa gwiwa ta miƙe ta shige ɗaki. Muka zauna ni da shi ba mai kallon wani. Na ji ƙarar kwanuka, na ji an jawo kujera 'yar tsugune an taka. Na san abu ɗaya ne a ɗakin nan da sai an taka kujera ake ɗauko shi.

Ta fito da baƙar ƙwaryar Baba a hannu. Ta ɗauraye ta a bakin randa, ta zuba nono, ta marmasa fura, ta dama da ludayinsa a nitse kamar ba mu a wurin. Sannan ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba.

"Kai masa."

Na ajiye a gabansa. Ya san ƙwaryar, na sha ba shi labarinta. Ya dube ta ya dubi Inna.

"Inna, wannan ai ta..."

"Na san ta wace ce. Kuma kar ka ɗauka na huce, ban huce ba. Shi ma mai ita sai da ya jira." Ta juya masa baya ta nufi ɗaki, a bakin ƙofa ta tsaya. "Ka sha. Gidan nan mun saba da masu taurin kai."

Ya ɗauki ludayin da bisimilla. Hawaye na bin kumatunsa yana sha, ni ma ina yi, ina kuma dariya kamar wata zararriya. Da ya sauke ƙwaryar na matso na rage murya.

"To Ɗan Taura, furar Kiyawa fa? Har yanzu ana buƙatar hujja?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsa ke nan, sai muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida, da sallamar da duk unguwa ta san mai ita. Baffa Yahuza ne, waliyyina, wanda aurena ke hannunsa. Ya shigo babbar riga na jan ƙasa, takardar shafin nan a hannu yana kaɗa ta.

"Ina Munira? An ce min yaron da ya ƙaryata ni a duniya ɗan Taura ne, yau sai na..."

Ba Abdurrahim yake kallo ba. Ƙwaryar yayansa yake kallo, wadda shekara da shekaru ba a ba shi ya taɓa ba, ga ta a hannun baƙo, an shanye ta tas.